Shin Ra'ayin "Duniyoyi Masu Yawa" Ya Rushe Hujjar Daidaiton Halitta?

Tambaya

Malam, ni ɗalibin kimiyya ne a jami'a. Akwai wani abokin karatuna da muke yawan muhawara da shi a kan addini. Na kawo masa hujjar da nake ji daga masu da'awa, cewa an saita ma'aunan duniya daidai wa daida yadda rayuwa za ta yiwu, da an ɗan goce kaɗan da babu taurari balle mutum, saboda haka dole akwai Wanda ya saita su. Sai ya yi dariya ya ce wannan hujja ta daɗe da mutuwa, domin masana sun ce duniyoyi ne bila adadin, kowace da nata ma'auni, mu kuma mun tsinci kanmu ne kawai a cikin wadda ta dace. Gaskiya na rasa abin da zan ce masa, kuma maganar ta tsaya mini a rai. Shin wannan abu ya tabbata a kimiyya? Kuma ya halatta Musulmi ya yarda cewa akwai wasu duniyoyi ban da tamu?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Allah ya ƙara maka basira, ya kuma shiryar da abokinka.

A taƙaice: ra'ayin duniyoyi masu yawa hasashe ne da wasu manyan masana suke ɗauka da muhimmanci, wasu kuma suke suka. Har yau babu wani awo ko gwaji da ya tabbatar da shi. Shari'a ba ta hana Musulmi ya ce Allah yana da ikon halittar duniyoyi da yawa ba, tun ƙarnuka da suka wuce malamanmu suka faɗi haka. Kuma ko da ra'ayin ya tabbata gobe, tambayar da ka yi wa abokinka tana nan, sai dai ta koma kan abin da yake samar da duniyoyin.

Bayani dalla-dalla

Duk inda muka ce "duniya" a wannan amsa muna nufin abin da Larabawa ke kira al-kaun, wato sararin samaniya gaba ɗaya da taurarinsa da duk abin da ke ciki, wanda ƙasar da muke takawa ba ta kai ƙwayar gero ba a cikinsa.

Abin da masana suka gani

A cikin dokokin fiziks akwai wasu lambobi da ba a fitar da su ta hanyar lissafi, sai dai a auna su a rubuta. Daga cikinsu akwai nauyin ilektoron, da ƙarfin jan da ke tsakanin jikkuna masu nauyi, da ƙarfin da ke ɗaure cibiyar ƙwayar zarra. Tun wajen shekarun 1950 masana suka fara lura da cewa idan aka sauya wasu daga cikin waɗannan lambobi kaɗan a kan takarda aka sake lissafi, duniyar da za ta fito ba za ta iya ɗaukar rai ba.

Niyutoron ya fi furoton nauyi da kusan ɗaya bisa 700 kacal. Da furoton ne ya fi nauyi, da sinadarin haidirojin bai zauna ba, ke nan ba ruwa, ba kuma taurari irin ranarmu. A shekarar 1953 masanin taurari ɗan Ingila Fred Hoyle ya yi nazarin yadda sinadarin kabon, wanda aka gina jikin kowane mai rai da shi, yake samuwa a cikin taurari. Ya ga lissafin ba zai tafi ba sai in cibiyar kabon tana da wani matakin makamashi na musamman da ba a san da shi sosai ba a lokacin. Aka auna a ɗakin gwaji a Kalifoniya, aka same shi kusan a inda ya ce.

Misalin da ya fi ɗaure wa masana kai shi ne makamashin da ke cikin sarari kansa, wanda ke tura duniya tana ƙara faɗi. A shekarar 1998 tawagogi biyu na masu bincike suka gano cewa faɗaɗar duniya ƙara sauri take yi, aka ba jagororinsu kyautar Nobel a 2011. Idan aka ƙiyasta yawan wannan makamashi da nazariyyar da ake da ita, amsar da ke fitowa ta ninka abin da aka auna da kusan lamba 1 mai sifiri 120 a gabanta. Da makamashin ya kai ko kusa da wancan ƙiyasi, da duniya ta tarwatse tun farko kafin tauraro ɗaya ya haɗu.

Mai hankali idan ya ga haka zai ce ko dai dole ce ta sa lambobin suka zo haka, ko dace ne kawai, ko kuma akwai mai nufi da ya zaɓa. Babu wanda ya kawo hujja a kan dole. Dace a jifa ɗaya kuwa, hankali ba ya natsuwa da shi. Daga nan ne aka koma cewa to, ai jifar ba ɗaya ba ce. Ka lura da wannan da kyau: wanda ya kawo maka duniyoyi masu yawa a matsayin amsa ya riga ya yarda da kai cewa saitin gaskiya ne kuma yana neman bayani. Saɓaninku a kan bayanin ne.

Daga ina ra'ayin ya fito?

Adalci wajibi ne ko da a kan abokin jayayya. Za ka ji wasu masu da'awa suna cewa an ƙirƙiri wannan ra'ayi ne kawai don a guje wa Allah. Akwai waɗanda suka rungume shi da wannan manufa, amma asalinsa a fiziks yana da wasu dalilai. A farkon shekarun 1980 Alan Guth na Amurka ya kawo nazariyyar "kumburin farko", wadda ke cewa a ɗan ƙiftawar ido na farkon duniya sarari ya kumbura da sauri mai tsanani. Ya kawo ta ne don warware wasu matsaloli, kamar dalilin da ya sa zafin sarari yake kusan ɗaya ta kowace fuska. Bayan haka Alexander Vilenkin da Andrei Linde suka nuna cewa a yawancin siffofin nazariyyar kumburin ba ya tsayawa ko'ina a lokaci guda. Yana tsayawa nan, ya ci gaba can, kuma duk inda ya tsaya sai a sami duniya guda, kamar kumfa a cikin ruwan sabulu. Sai kuma nazariyyar zare, wadda ke cewa asalin komai wasu 'yan zarurruka ne masu kaɗawa. Masu ita suka ga cewa lissafinta yana ba da siffofin dokoki masu ɗimbin yawa, adadin da aka fi ambata shi ne 1 mai sifiri 500. Aka haɗa biyun: kumburi yana haifar da kumfa, kowace kumfa tana ɗaukar siffa ɗaya daga cikin waɗancan.

Sauran ginin kuma ƙa'ida ce da Brandon Carter ya tsara a wani taro a birnin Krakow na ƙasar Folan a 1973: mai kallo ba zai taɓa samun kansa ba sai a wurin da zai iya rayuwa. Idan kumfa ba ta ƙirguwa, wasu ƙalilan za su dace da rayuwa, kuma a cikinsu ne kawai za a sami mai tambaya.

Suna da misali mai ƙarfi da ya kamata ka sani kafin abokinka ya kawo maka shi. A 1596 Johannes Kepler ya yi ƙoƙarin gano sirrin lissafi da ya sa nisan duniyoyin rana ya zama yadda yake. Ƙoƙarin bai yi nasara ba. Yau an tabbatar da duniyoyi fiye da 5,000 masu kewaya wasu taurari, wasu kusa da tauraronsu suna ƙuna, wasu nesa sun daskare. Babu mamaki mu sami kanmu a kan wadda ruwa ke gudana. Suka ce haka lamarin duniya gaba ɗaya yake. Haka nan Steven Weinberg, wanda bai yi imani da Allah ba, ya yi amfani da irin wannan tunani a 1987 ya nuna cewa makamashin sarari ba zai wuce wani ɗan ƙaramin adadi ba in dai za a sami gungun taurari, kuma ba lallai ya zama sifiri ba. Shekara 11 bayan haka aka auna shi ɗan ƙarami, ba sifiri ba. Wannan shi ne mafi ƙarfin abin da suke riƙe da shi.

Ya tabbata?

Bai tabbata ba. Duniyoyin da ke kewaya wasu taurari an gan su, an auna nauyinsu da nisansu. Sauran kumfa kuwa, bisa nazariyyar kanta, suna can bayan iyakar da haske zai iya iso mana daga gare ta. Hanya ɗaya da aka yi fata ita ce a sami tabon karo tsakanin kumfarmu da wata a cikin tsohon hasken da ya saura daga farkon duniya. An bincika bayanan da taurarin ɗan'adam suka tattaro, ba a sami tabbatacciyar alama ba. Nazariyyar zare ita ma babu gwajin da ya tabbatar da ita tukuna. Kumburin farko yana da shaidu masu goyon bayansa, amma Paul Steinhardt, ɗaya daga cikin waɗanda suka gina shi, ya koma cikin masu sukarsa, kuma babban dalilinsa shi ne wannan batu na kumfa marar iyaka.

Sukar tasa tana da tushe. Idan duniyoyi ba su da iyaka, duk abin da zai iya faruwa zai faru sau ba iyaka. To ta yaya za a ce wannan ya fi wancan yawa, alhali duka biyun ba su da iyaka? Amsar tana sauyawa gwargwadon yadda aka zaɓi yin ƙidayar, kuma masu ra'ayin da kansu sun yarda cewa ba a warware wannan matsala ba. Ra'ayin da duk sakamakon da aka samu zai ce "ai dama akwai kumfar da haka ke faruwa" yana da wuya a gwada shi. A watan Disamba na 2014 George Ellis na Afirka ta Kudu da Joe Silk suka yi rubutu a mujallar Nature suna gargaɗin kada a sassauta sharaɗin gwaji don a karɓi irin waɗannan nazariyyoyi. Wasu, irin su Sean Carroll, suka mayar da martani cewa nazariyya tana iya karɓuwa saboda kyawun bayanin da take bayarwa ko da ba a ga duk abin da ta ƙunsa ba. Muhawarar tana nan har yau. Saboda haka cewar abokinka "masana sun ce" ta wuce gona da iri. Wasu masana ne suka ce, wasu suka ƙi.

Muhawarar masu falsafa

Wasu suna tsayawa ne a ƙa'idar Carter kaɗai, su ce da duniya ba ta dace ba da ba ma nan balle mu yi mamaki, don haka babu abin tambaya. John Leslie, malamin falsafa a Kanada, ya amsa wannan da misali a littafinsa na 1989. An ɗaure mutum za a harbe shi, gwanayen harbi 50 suka saita shi suka harba, duk suka kuskure. Gaskiya ne da ba su kuskure ba da ba ya raye balle ya yi tunani. Amma wannan bai hana shi neman dalili ba. Ko dai an shirya a ƙyale shi, ko kuma mutane ne masu ɗimbin yawa ake harbi a ranar har ya zama dole wani ya tsira. Shi kansa Leslie ya bar ƙofofin biyu a buɗe.

Ƙofa ta biyu ce Ian Hacking ya soka a 1987, Roger White kuma ya ƙarfafa sukar a 2000. Ka ɗauka ka shiga ɗaki ka tarar ana ludo, a gaban idonka wani ya jefa ƙwayoyi biyu suka ba da shida-shida, abin da ke faruwa sau ɗaya cikin 36. Idan ka ce lallai sun daɗe suna wasa tun da har aka sami shida-shida, ka yi kuskure. Ƙwayar ludo ba ta tuna jifar baya. Ko wannan ce jifa ta farko ko ta dubu, damar wannan jifar da ka gani ɗaya ce cikin 36. Haka nan, in ji su, yawan wasu duniyoyi zai sa a sami wata da ta dace, amma bai ƙara komai ba ga damar dacewar wannan da muke ciki.

Masu kare ra'ayin, irin su Nick Bostrom, ba su yi shiru ba. Suka ce misalin bai yi daidai ba, domin kai ka shiga ɗakin ne ko me jifar za ta bayar, mu kuwa ba ma shiga sai jifar ta yi kyau. Da a ce an tsayar da kai a waje, aka ce wa mai gadi duk lokacin da shida-shida ta fito ya kira ka, to kiran da aka yi maka yana ƙarfafa cewa an yi jifa da yawa. Ɓangaren White suka ce wannan gaskiya ne in har kowace jifa za ta iya sa a kira ka. Amma idan sunanka yana ɗaure ne da jifa guda tak, in ta ɓaci shi ke nan ba za a kira ka ba har abada, to yawan sauran jifa bai amfane ka da komai ba. Wanne ne halinmu a cikin biyun? Shin da wata kumfar ce ta dace, "mu" ne za mu kasance a cikinta, ko wasu ne daban? A nan aka tsaya, kuma ba mu ganin ya dace ka gina hujjarka a kan wannan gaɓa, domin masu ilimi na kowane ɓangare suna da abin faɗa.

Sukar da ta fi wannan nauyi ita ce ta Roger Penrose, wanda ya sami Nobel a 2020 kuma ba mai bin wani addini ba ne. Ya ƙiyasta irin tsarin da duniya ta fara da shi, ya ce damar samunsa ta hanyar dace ɗaya ce cikin lambar da sifirinta kaɗai ya kai 1 mai sifiri 123, wato lambar da ba za a iya rubuta ta ba ko da an sa sifiri ɗaya a kan kowace ƙwayar zarra da ke duniya. Ya kuma lura da cewa rayuwarmu ba ta buƙatar tsari mai faɗin haka. Rana ɗaya da duniyoyinta sun isa. Idan caca ce ke fitar da duniyoyi, waɗanda ke da ɗan tsibirin tsari a tsakiyar hargitsi za su fi irin tamu yawa nesa ba kusa ba, kuma a irinsu ya kamata mu tsinci kanmu. Amma duk inda na'urar hangen nesa ta juya, shekarun haske biliyoyi, tsari ɗaya take gani. Ƙa'idar "ba ma ganin sai inda za mu rayu" ba ta bayyana wannan rarar ba.

Mu ɗauka ma ya tabbata

Wannan ita ce gaɓar da muke so ka riƙe. Ka ga kwaɗo mai wuyar buɗewa, ka ga mabuɗi ya shige shi daidai. Ka ce wani ne ya yanka wannan mabuɗi don wannan kwaɗo. Sai abokinka ya ce a'a, akwai wani inji a bayan gida da ke yanka mabuɗai dare da rana, kowane da irin haƙoransa, dole wata rana ɗaya ya dace. To, madalla. Amma injin fa? Sai yana da ƙarfen da zai yanka, da wutar da za ta juya shi, da dabarar da ke sa ya sauya haƙora a kowane yanka maimakon ya yi ta maimaita iri ɗaya, sannan iyakar sauyawar tasa ta haɗa da siffar da kwaɗon ke buƙata. Ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace, ko shekara miliyan ya yi yana aiki ba za a buɗe ƙofa ba.

Robin Collins, malamin falsafa a Amurka, ya bi wannan hanya a kan kumburin farko. Kafin a sami kumfa mai rai, ana buƙatar makamashin da ke kumbura sarari, da dokar jan nauyi mai siffar da za ta bar shi ya yi hakan, da hanyar da makamashin zai rikiɗe ya zama kayan halitta idan kumburin ya tsaya, da dokokin da ke barin lambobi su bambanta daga kumfa zuwa kumfa, da ƙa'idojin da ke hana ƙwayar zarra rugujewa. Babu ɗaya daga cikinsu da cacar ta samar, domin da su ake yin cacar.

Malamanmu na tauhidi sun daɗe da wannan tunani da wasu kalmomi. Wanda ya karanta Ummul Barahin ta Imam Sanusi (ya rasu 895 bayan Hijira), wadda aka daɗe ana karantarwa a zaurukan ƙasar Hausa, ya san hukuncin hankali kashi uku ne: wajibi, da mustahili, da ja'izi. Ja'izi shi ne abin da samuwarsa da rashinsa duka suke yiwuwa, kuma ba ya karkata ga ɗaya sai da mai rinjayarwa. Imamul Haramaini Juwaini (ya rasu 478) ya kafa hujja da cewa duniya tana iya zama a kan wata siffa daban, keɓantarta da wannan siffa yana nuna mai keɓancewa. Ɗalibinsa Imam Gazali (ya rasu 505), a raddinsa ga masu falsafa, ya tambaye su me ya sa falaki yake juyawa ta wannan fuska ba ta waccan ba. Hujjar ba ta taɓa dogara da cewa duniya ɗaya ce ba. Kumfa ɗaya ja'iza ce, kumfa tiriliyan ja'izai ne, dokar da ke hura su ita ma ja'iza ce, tun da hankali yana iya sawwala wata dokar ko rashin doka gaba ɗaya. Tara mabuƙata wuri ɗaya ba ya mayar da su mawadata.

Akwai kuma batun farko. A 2003 Arvind Borde da Guth da Vilenkin suka tabbatar a lissafi cewa duk sararin da a jimlace yake faɗaɗa ba zai miƙe baya ba iyaka ba, kuma wannan ya haɗa da kumburin da ke haifar da kumfa. Kada ka ce sun tabbatar da samuwar Allah, ba su faɗi haka ba, kuma akwai masu neman hanyoyin kauce wa sharaɗin lissafin. Vilenkin yana ganin duniya ta ɓullo ne daga "babu" bisa dokokin fiziks. Sai dai "babu" da ke da dokoki ba ita ce babu ta haƙiƙa ba. Tambayar da ke cikin Suratuɗ Ɗur, aya ta 35 da 36, a kan ko an samar da su ne ba tare da mai samarwa ba ko su suka samar da kansu, tana hawa kan kumfa kamar yadda take hawa kan mutum. Ita ce ayar da Jubairu bin Muɗ'im ya ji Annabi (SAW) yana karantawa a sallar magariba tun kafin ya musulunta, ta girgiza zuciyarsa, kamar yadda Bukhari ya ruwaito.

Matsayin shari'a

Ikon Allah a kan halittar wasu duniyoyi babu Musulmin da ke shakkarsa. Ƙarshen Suratu Yasin ya kafa hujja da halittar sammai da ƙasa a kan cewa ikonsa bai ƙare ba, aya ta 8 ta Suratun Nahli kuma ta sanar da mu cewa akwai halittun da ba mu san da su ba. Imam Fakhruddin Razi (ya rasu 606), a tafsirinsa na Fatiha, ya yi raddi ga masu falsafar da ke bin Aristo waɗanda suka ce dole duniya ta zama ɗaya. Ya ce hujjojinsu raunana ne, kuma Allah yana da ikon halittar dubban dubban duniyoyi a wajen wannan, kowace ta fi ta girma. Abin lura ne cewa a wancan zamani masu falsafa ne ke cewa ɗaya ce, malamin tauhidi ne ke cewa tana iya yawa. A yau ma akwai masu imani da Mahalicci da suke karɓar ra'ayin, kamar Don Page, masanin fiziks Kirista da ya yi aiki tare da Stephen Hawking.

Yiwuwa daban, aukuwa daban. Cewa lallai akwai su yana buƙatar nassi ingantacce ko shaidar awo, kuma babu ko ɗaya. Kada ka ɗauki kalmar "al-alamin" ka ce Alƙur'ani ya riga masana faɗar wannan nazariyya. Abin da jumhurun malaman tafsiri suka fassara ta da shi shi ne duk abin da ba Allah ba, ko jinsunan halittu kamar mutane da aljanu da mala'iku. An ruwaito daga wasu magabata adadi irin su duniyoyi 18,000, amma Ibn Kasir da ya kawo irin wannan a tafsirinsa ya nuna cewa baƙuwar magana ce mai buƙatar ingantaccen dalili. Haka sammai bakwai gaibu ne da muka yi imani da shi yadda ya zo, ba ma ɗora shi a kan kumfar Linde. Wanda ya ɗaura aya a jikin hasashe, ranar da hasashen ya faɗi zai jawo wa raunana shakka a kan ayar.

Wannan gargaɗi ya shafi hujjarka ma. Wasu lambobin da ake yaɗawa a wa'azi da bidiyo an yi musu ƙari. Misalin kabon na Hoyle, bincike na baya ya nuna tazararsa ba ta kai ƙuncin da aka fara zato ba. Akwai masu falsafa da ke tambayar ta yaya za a auna damar lamba alhali ba a san iyakar adadin da za ta iya ɗauka ba. Yana kuma yiwuwa gobe a gano wata doka mai zurfi da ta bayyana ɗaya daga cikin lambobin, ko da yake a lokacin za a tambayi me ya sa dokar ta zo a haka. Don haka ka riƙi saitin ma'aunai a matsayin shaida mai ƙarfafawa, irin abin da Ibn Rushd (ya rasu 595) ya kira dalilin kulawa, wato dacewar halittu da buƙatar mutum. Imaninka kuwa ya tsayu a kan fiɗira da wahayi da gaskiyar Manzo (SAW) da hujjar buƙatuwar halitta ga Mahalicci, waɗanda ba sa jiran sakamakon wani tauraron ɗan'adam.

Mai yiwuwa abokinka ya ce idan inji yana buƙatar mai haɗa shi, to wa ya samar da mai haɗawar? Ba mu ce kowane samamme yana buƙatar sababi ba. Mun ce wanda zai iya kasancewa ko ya rasa kasancewa, mai adadi da iyaka da farko, shi ne mabuƙaci. Idan kowane mai bayarwa aro ya yi daga wani, ba a taɓa isa ga mai abin ba, to babu abin da zai iso hannun kowa. Dole silsilar ta tuƙe ga Wanda samuwarsa ba aro ba ce. Shi ma abokin naka yana da inda yake tsayawa, ya ce dokokin nan haka kawai suke. Ka tambaye shi cikin ladabi me ya sa dokar da shi da kansa ya yarda tana iya zama daban ta cancanci a tsaya a kanta. Idan kuma tambayar ta zo maka a matsayin waswasi mai maimaituwa, ba neman sani ba, Annabi (SAW) ya yi umarni a hadisin Bukhari da Muslim da a nemi tsarin Allah a kuma daina bin ta.

Allah ne Mafi sani.